Gazuwal ɗin Motar Likita

Ni ɗan Gaffati ne, mahaifina manomi, kuma har na shiga soja ban san ɗanɗanon giya ba. Ƙannena masu sha'awar kaki, da ku nake. Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yana suna karatu a lakwal a nan Damagaram.

An koya mini tuƙi, na kai kaporal. Bayan doguwar misiyo a fagen daga can gabas na dawo bariki jikina lafiya, amma barci ya ƙaurace mini. Ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi. Wani abokin aiki ya ce kwalbar giya ɗaya tana maganin wannan. Ta yi kuwa. Kafin shekara ta zagayo ɗaya ta zama huɗu.

Daga nan na fara zuƙar man gazuwal daga motocin da ke hannuna. Da farko lita biyu, ina ce wa kaina ba wanda zai mutu don lita biyu. Daga baya bido guda, wato jarka, nake kai wa wani mai injin niƙa, ya ba ni na sha.

Wanda ya fara lura da ni shi ne Ajidan Kiyari, babban mai jinya a likitar bariki, wato asibitinmu. Ya ga hannuna yana rawa ranar da na je karɓar maganin ciwon kai, ya ce in biyo shi. Na shiga ina jiran faɗa ko wa'azi, sai ya ba ni kujera ya tambaye ni daɗin da giyar take yi mini. Na ce tana sa ni barci. Ya ce to, me take ƙwace mini? Da bakina na faɗa: sallar asuba, fara'ar matata, ɗiyata da ke ɓuya bayan randa in na shigo.

"Ni ba zan ce ka bari ba, kaporal," in ji shi. "Kai za ka faɗi abin da kake so, ni in taya ka."

Na ce zan rage zuwa kwalba biyu. Muka yi zama uku, kuma na rage ɗin. Sai abokan sha suka fara tsokanata wai na zama majinyacin taɓin hankali. Kunya ta hana ni komawa. Ajidan Kiyari ya aiko sau biyu, na ce aiki ya yi yawa. Zancen gazuwal kuwa ban taɓa gaya masa ba.

Wata Talata da hantsi mota ta kife da sojojinmu bayan garin Guna. Aka ce in tafi da motar likita. Na san abin da na yi wa tankinta, amma na tayar ban ce komai ba. Muka ɗauko wani matashin soja, Isufu, ƙafarsa a murƙushe. A hanyar dawowa mai ya ƙare, motar ta mutu cikin rairayi. Muka yi awa uku a rana muna jiran wata, Isufu yana ta kiran mahaifiyarsa. A asibiti aka yanke ƙafar. Likitoci sun ce da an iso da wuri, da wataƙila an cece ta.

Ban jira bincike ya ƙare ba na amsa laifina. Aka tuɓe mini kaki, kotun soja ta ba ni shekara uku a gidan kaso. Makon farko jikina ya yi ta ɓari kamar mai masassara saboda rashin giya. Ajidan Kiyari ya riƙa zuwa ganina, bai taɓa goranta mini ba. A can na daina sha gaba ɗaya.

Da na fito na nemi Isufu. Na same shi a unguwar Birni yana sayar da katin waya, sandunansa jingine da bango. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. 

"Na yafe maka don Allah," ya ce. "Amma kada ka ƙara zuwa. Ba na son ganinka."

Yanzu facin taya nake yi a bakin tasha. Na gaji da tuna wannan labari, amma gara ku ji shi daga bakina. In kun dawo daga daji barci ya gagara, ku nufi likita, kada ku nufi mashaya. In kun riga kun fara, kuka samu wanda ya zaunar da ku yana saurarenku, ku ci gaba da zuwa ko da duk bariki na yi muku dariya, kuma ku faɗa masa har abin da kuka fi jin kunyarsa. Ni na tuba, ina fatan Allah ya karɓa. Isufu kuwa da sanduna zai tafi masallaci gobe, haka jibi, har ƙarshen ransa.