Koren Marfin da Na Sace wa Kawu Bawa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Bawa tela, ƙanen mahaifiyata, kuma kafin in yabe shi bari in tona wa kaina asiri: na taɓa yi masa sata. Marfin kwalbar lemo na sace, kore, na yi shekara biyar ina yawo da shi a aljihu. Ɓarayin duniya ku yafe mini, na zubar muku da mutunci.

Ga yadda abin yake. Kawu yana hayar rumfar ɗinki a nan Zongon Lome, kuma kowace Asabar bayan la'asar yakan mayar da ita majalisar dokoki. Mu yaran unguwa mu ne 'yan majalisa, muna kiran juna "depite", wato ɗan majalisa da Faransanci, da fankama. Shi ne shugaba. In hayaniya ta yi yawa, ya buga almakashi a tebur. Lokacin magana kuwa keken ɗinki ke auna shi: ya fara ɗinka ƙafar wando, da keken ya tsaya kai ma ka tsaya, ko kana tsakiyar kalma.

Babbar dokarsa ita ce ta marafa. Ja da kore yake zubawa a hularsa, kowa ya sa hannu ido rufe. Ka ɗauko ja, kana goyon bayan ƙudurin ranar. Kore, kana adawa. Ba ruwansa da abin da ke zuciyarka sai lokacin ɗaga hannu. Ni kuwa adawa nake so, don ɗan adawa ke da ihu da nuna yatsa. Sai in cusa hannu a hula da marfina a dunƙule, in fito da shi ina salati kamar abin ya ba ni mamaki. Na yi adawa da yashe kwata. Na yi adawa da gyaran famfo. Ranar da aka kawo ƙudurin ƙara hutun makaranta, na yi adawa da shi ina hawaye.

Kawu bai taɓa kama ni ba. Sau ɗaya dai ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Depite Nasiru, duk Lome ba mai sa'arka." Na tafi gida ina taƙama, wai an yabe ni.

Manya da yawa ba su so abin ba. Cewa suke ɗan Zongo ya kama kasuwancinsa, siyasa ta masu ƙasa ce, mu baƙi ne. Kawu yakan ci gaba da taka kekensa ya ce, "Yaran nan a asibitin Tokoin aka haife su. Baƙin wa?" Da yana raye yau ya ga yadda muke gardama a waya, kowa da 'yan ɓangarensa, wanda ya saɓa maka ka toshe shi, na san hularsa zai cire ya miƙo mana. Ya ce wanda bai iya faɗin hujjar abokin gardamarsa ba, tasa ma haddace ta kawai ya yi.

Bayan rasuwarsa an kai keken gida, 'yarsa Yaya Hadiza ta gaji hula da almakashi, mai rumfar kuma, Alhaji Garba, ya bar mana ita albarkacin mamaci. Sai bana, bayan ƙaramar salla, ya ce yana son abarsa zai zuba dilolin gwanjo na shagonsa da ke kasuwar Adawlato. Amma kowa ya san gwanjo ba shi kaɗai ba ne. Ɗansa Mudi, depite ne a cikinmu, shi ya ja mana.

"Ina magana a gidana," in ji Alhaji, "yaron nan ya ɗaga hannu ya ce, 'Baba, ina da gyara.' Gyara! Ni za a yi wa gyara a kan tuwona?"

Yaya Hadiza ta ce, "Baba Alhaji, ka zo Asabar ka ji mu. A kawo maganar majalisa."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "To, na yarda. In kun kayar da ƙudurin, na bar muku. In ya wuce, ku kwashe bencinku."

Ranar ta zo. Ƙuduri: a mayar wa Alhaji rumfarsa. Na shafa aljihu, korena yana nan. Amma Alhaji na zaune a daidai inda keken Kawu yake a da, sai na kasa. Na sa hannu fayau a hula, karo na farko tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Ja. Kuma ni aka ba jagorancin ɓangaren.

Mudi ya raɗa mini, "Ka yi shirme kawai, ɗan uwa. Ka yi tari, ka manta magana." Da zan iya, wallahi; shirme ai gadona ne. Sai dai da na miƙe, abin da ya fito daban. Na ce rumfa ta mutum ce, kuma majalisar da ke koyar da doka ba ta riƙe kayan mutum da sunan mamaci. Na ce sau bakwai muka yi gardamar kwatar layinmu, ba wanda ya taɓa ɗaukar shebur, har sauro sun san mu da suna. Na ce in kwano huɗu na rufi ne ke riƙe da majalisar Kawu Bawa, to tun ranar jana'izarsa ta mutu.

Aka ɗaga hannu. Tara da takwas, ƙuduri ya wuce. Hannuna na cikin taran.

Alhaji ya miƙe yana kaɗa kai. "Kai yaro, ka fi ni iya faɗin maganata." Mudi kuwa ya yi mako biyu ba ya amsa sallamata, ya ce na sayar da Kawu. Wasu a unguwa suka ce madalla, surutun yara ya ƙare.

Ga masu wannan murna nake rubutu. Ba na nadama, kuma ba mu ƙare ba. Abin da Kawu ya bari bai taɓa zama rumfa ba: yara ne da suka iya tsayawa gaban babba su faɗi hujja ba tare da zagi ba, su sha kaye su dawo mako mai zuwa. A nan aka haife mu, a nan za mu yi zaɓe, kuma wata rana ɗayanmu zai zauna a majalisar gaske. Ina fata dai ba Mudi ba, don zai yi wa shugaban ƙasa gyara tun kafin ya gama sallama.

Rumfar yanzu cike take da gwanjo. Mun yashe kwatar a Asabar biyu. Muna zama a ƙofar gidan Yaya Hadiza, ita ke taka keken Kawu tana auna mana lokaci. Ranar zaman farko na jefa koren marfin a hula a gaban kowa, na faɗi abin da na yi. Yaya Hadiza ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce Kawu ya gaya mata tun makon da na ɗauka, kuma shi ya hana a tambaye ni.