Tulun Tsimin Inna

Yaya Garba, wana da muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya zubar mini da tsimin tumatir ɗin Inna a kwata, ya cika tulun da garin dutsen zinari. Wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da haƙar zinari ta haukata garuruwanmu na yankin Bukkuyum. Na dawo daga sharar gona na tarar da kaji suna tonon wani jan abu a bakin kwata. Tun daga zaure hancina ya gaya mini abin da aka yi.

Wanda bai tashi gidanmu ba zai ce ai tumatir ne kawai. Muna yara, idan tumatir ya yi yawa a fadamun Gummi har yana ruɓewa a bakin hanya, kawunmu yakan aiko wa Inna kwanduna bisa jaki. Aikina ne in zauna gindin darbejiya in tsince masu tabo, ina jin ihun yara suna langa a waje, ina haɗiyar haushi. Inna ta niƙa a dutse, ta tace, ta dafa har ya yi kauri, ta zuba gishiri da barkono da citta da kanumfari da ɗan ruwan tsamiya. Idan ya huce sai ta kawo ludayi guda na tsohon tsimi, wanda take kira uwa, ta gauraya, ta juye a baƙin tulu, ta rufe da ganyen kalgo da faifai, ta aje bayan randa inda ke da sanyi. Kowace safiya kafin in tafi makarantar da ban ma gama ba, ni ke ɗaga faifan in saki iska. Kumfa ta taso, ƙamshi ya bugi fuskata. Idan ya yi tsami mu lakata da gasasshen rogo ko mu zuba a wake da shinkafa. Garba ya fi kowa sata. Inna ta sha kama shi da jan yatsa a baki.

"Ba a kwashe tulu ƙarƙaf," in ji Inna. "Uwar ga daga hannun kakarku ta hito."

Da ciwon ajalinta ya yi tsanani, ni ta bar wa tulun, don ni na san halinsa. Na koya wa matata. Lokacin da babu ɗanyen tumatir, da busasshe muke ciyar da uwar, shekara da shekaru ba ta mutu ba. Sai ranar nan matata ta tafi suna, Garba kuwa yana neman inda zai ɓoye wa abokan haƙarsa garin dutse. Duk gidan nan bai ga komai ba sai tulun Inna.

Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo suka ce garin dutsen nan akwai gubar dalma a ciki, tana kashe yara, duk abin da ya taɓa sai a binne. Da hannuna na haƙa wa tulun rami. Mun gwada sabon tulu ba uwa, abin ya yi tsami, amma ba shi ba ne. 'Ya'yana ƙanana ba su san ɗanɗanon da nake faɗa ba, suna zaton labari ne irin na tsofaffi.

Sallar da ta wuce Garba ya zo bisa sabon babur, ya ciro jar kwalba ta kanti da ya sayo a Anka.

"Ga shi, ƙanena, kecop suka ce mashi, da tumatir aka yi shi. A bar maganar ga hakanan."

Na buɗe na lasa. Sukari ne da launi. Na miƙa masa abarsa a gaban yara, na ce, "Yaya, kai ka hi kowa lasar tulun nan. Da ka ɗebe mani ludayi guda kahin ka zubar, da tuni na yahe maka tulun. Ɗauki kwalbarka."