Gashin Bakin Gustav Wanzami

Shekara goma Gustav Pfeiffer, wanzami a New York, yana sayen jaridar Lahadi saboda zanen barkwanci guda: wanzami mai tumbi da alfadari ke harbinsa kowane mako. Kyauta yake yi wa mai zanen aski, don ya haƙiƙance abokin hamayyarsa a sana'a, Dooley, ake zanawa. Yakan yanke zanen ya manna a bango yana ƙyaƙyatawa.

Wata rana matarsa Hedwig ta ƙura wa bangon ido.

"Gustav, Dooley fa siriri ne kamar tsinke."

"Ai ƙari suke yi, ke kuma!"

"Wannan gashin bakin fa, na waye?"

Washegari Gustav ya aske gashin bakinsa tas. Ranar Lahadi, wanzamin jarida ma ya fito babu gashin baki.