Ba Gishiri, In Ji Inna

Bana shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Sadisu, wanda ku kuka sani da Sadi Mai Muciya. In kun manta shi ba laifi, mutanen waya ba su da riƙo. Shi ne ƙaton nan da ke ɗaura zanen atamfa a kan wando, ya zauna gaban murhu a tsakar gidanmu na Dutsin-Ma, yana tuƙa tuwo yana faɗa da tukunya kamar ta zage shi. Ni ce ƙanwarsa Dije, mai riƙe wayar. Duk inda kuka ga hoton yana rawa, ni ce dariya ta ci ƙarfina.

Ba zan yi ta kewaye ba. Tun da aka kai shi makwancinsa ake jayayya a gidanmu kan abu ɗaya: a goge bidiyoyinsa daga intanet ko a bar su. Makon jiya aka yanke magana, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Yaya Sadi bai shirya zama ɗan barkwanci ba. Acaɓa yake yi tsakanin Dutsin-Ma da Karofi. Wata shekara hannun Inna, mahaifiyarmu, ya riƙe, ko muciya ba ta iya ɗagawa, ni kuma ina makarantar kwana. Sai ya riƙa ajiye babur da la'asar, ya hura wuta, ya tuƙa mata tuwo. Unguwa ta ɗauka. Har a majalisa aka tambaye shi yaushe zai fara ƙunshi. Da na dawo hutu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Dije, tunda kallo suke so, ɗauke ni su gani da kyau."

Daga nan abin ya tafi. Yakan yi wa tukunya magana kamar fasinja mai taurin kai, ya roƙi wake ya dahu don girman iyayensa, ya yi wa albasa gaisuwar mutuwa kafin ya yanka ta. Amma girkin na gaske ne. Dambunsa ba ya caɓewa, ɗanwakensa ba ya narkewa. Ɗalibai masu zaman haya a garin nan da yawa a wurinsa suka koyi kaɗa miyar kuka ba gudaji, har amare suna turo saƙon godiya a ɓoye.

Abin da ya fi kama mutane shi ne ƙarshen kowane bidiyo. Ba ya ɗanɗana abincinsa. Sai ya ɗebo a ludayi, ya miƙa hannu har ludayin ya fita daga hoto, wajen ƙofar ɗakin Inna, ya ce, "Inna, ya yi daɗi?" Sai a ɗan yi shiru. Sai murya ta fito daga ɗaki: "Ba gishiri." Shi kuma ya dafe kai, ya zuba wa waya ido kamar maraya. Har a kasuwar Kurfi in ya wuce sai ka ji masu tumatir suna cewa, "Sadi, ba gishiri."

Masu kallo sun ɗauka shiri ne. Wallahi ba wanda ya shirya. Yaya Sadi ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar Birchi ce ta ainihi, irin waɗanda ba su sassauta kunyar ɗan fari ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa, ko sallah ce ba za ta dube shi ta ce rigarsa ta yi kyau ba. Ni dai a lokacin haushi abin yake ba ni. Na sha ce mata, "Inna, miyar nan fa ni ma na sha, lafiya lau take." Sai ta ce in tashi in ba ta wuri. Shi kuwa dariya yake, ya ce, "Bar ta, ai ta shanye ludayin."

Ranar da ya rasu dam ɗin Zobe ya tafi sayo tarwaɗa, zai yi farfesu. A hanyar dawowa babur ɗinsa ya haɗu da motar kaya. Bai kai asibiti ba. A zaman makoki ni na yi kukan mutum biyu. Inna ta zauna da carbinta, duk wanda ya yi gaisuwa ta ce, "Sai haƙuri," ko ɗigon hawaye ban gani ba. Mata suna ta yaba mata, ni kuwa ji nake kamar in girgiza ta.

Bayan sadakar uku Kawu Lawal ya kira ni. Yayan Inna ne, mai sayar da hatsi a Kurfi, kuma shi ya saya wa Yaya babur ɗinsa na farko. Ya ce, "Dije, ki goge abubuwan nan. Mutum shina kwance a kabari, duniya tana ta ƙyaƙyata dariya a kansa, ga zane a ƙugu. Ba mu san mi ake rubuta mashi ba." Na ce ba zan goge ba. Na faɗa da ƙarfin da bai kamata in yi wa kawuna ba. Amma ban taɓa ɗaukarsa mugu ba. Tsoro yake ji wa ɗan ƙanwarsa, kuma ni ma in na kaɗaita tsoron yakan kama ni. Duk shekara ya dawo da maganar, duk shekara in ƙi. Inna ba ta sa baki, kuma tun rasuwar ba ta yarda an kunna ko ɗaya a gabanta ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda sana'ar ta koma. Yanzu masu barkwancin girki sun cika waya, da murhun gas, da fitilu, da tukwane masu ƙyalli waɗanda ba su taɓa ganin hayaƙi ba. Akwai wanda har ya samo wata mata tana ce masa "ba gishiri" daga bayan labule. Na tabbata Yaya dariya zai yi, ni ce dai ba ta ba ni dariya. Da yana nan da ya yi bidiyon miyar da ba tumatir, don tsadar yau ta isa abin barkwanci. Ban san kuma yadda zai ji ba in ya ga kafin mutum ya kama hanyar ƙauye sayen daddawa sai ya buga waya ya tambayi lafiyar hanya. Wataƙila da ya sa mu dariya a kan wannan ma. Wataƙila da shi ma ya yi shiru.

Makon jiya Kawu ya zo bayan la'asar. Wannan karon bai tsaya kaina ba. Ya ce wa Inna, "Hajara, ke kika haife shi. Ki kalla da idonki, abin da kika ce shi za a yi." Na san in ta ce a goge, ba ni da ta cewa.

Na kunna mata na dambun zogale. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Ludayi ya fita daga hoto, muryarta ta ce ba gishiri, ya dafe kai. Ta miƙo mini wayar.

"Yaya, a bar su," ta ce wa Kawu. "In da laifi a ciki, ai da muryata, tare za a tambaye mu. Ni ban ga abin da yaron nan ya yi ba, ban da tuƙa mani tuwo sadda hannuna ya ƙi."

Kawu ya share fuska da hannun riga, ya ce, "To. Allah ya haskaka kabarinsa." Muka amsa. Ya saka takalmi ya fita.

Mabiyan shafinsa suna raguwa, na sani, wata rana ma ba wanda zai tuna da zanen da muciyar. Abin da ya rage mana ƙarami ne. A duk duniya, bidiyoyin nan ne kaɗai wurin da uwa da ɗanta suke magana da juna, shi ya tambaya, ita ta amsa. Shekara huɗu ina rigima a kansu ban gane haka ba sai ranar nan.

Don bayan fitar Kawu, ina haɗa kwanuka, Inna ta ce in sake kunna mata. Na kunna na ba ta baya, na ci gaba da aikina. Na ji Yaya yana roƙon dambu ya turaru, na ji ƙarar ludayi a bakin tukunya, na ji ya ce, "Inna, ya yi daɗi?"

A ɗan shirun nan, kafin ta cikin wayar ta amsa, ta zaune a kan tabarma ta riga ta.

"Ya yi daɗi," in ji ta, a hankali. "Kullum ma yana yi."

Ban waiwaya ba. Allah ya ji ƙan Yaya Sadi.