Kujerar da Ta Aro wa Baƙi

Mai Ɗinki ta tare a gidan benen nan wata huɗu bayan rasuwar mijinta, lokacin da masana'antar da ya yi wa aiki ta karɓe gidan da ta ba su. Ɗaki ɗaya ta samu a hawa na uku. Ba ta san kowa ba, abincinta kuma yana hannun matan gidan: in sun kawo ɗinki ta ci, in sun juya mata baya shi ke nan.

Ranar tarewar, keken ɗinkin ya maƙale a kwanar matakala. Ana ta leƙe ta taga, ba wanda ya fito sai wata doguwar mata da ake kira Mai Labule, don labulenta kullum a sake yake. Ita ta kama ƙafar keken har sama, ta kuma kawo ruwan sanyi.

"Laraba da la'asar ina da baƙi, 'yar'uwa," in ji ta. "Ki ara min kujera, ke ma ki zo."

Mai Ɗinki ta ji daɗi har zuciya. Ta goge kujerar marigayi, mai ramin zama a tsakiya, ta kai. Mata biyar ta tarar sun kewaye tebur, kowa ta ɗora tafin hannu a kai. Aka ba ta benci, kujerar kuwa aka bar ta ba kowa. Da shirun ya yi yawa sai ta ce, "Baƙin ba su iso ba ne?"

Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale. "Baiwar Allah, waɗannan ai ba ta ƙofa suke shigowa ba."

Nan ta gane matattu ake kira. Kamata ya yi ta tashi, ita da carbi ba ya barin hannunta. Amma idonta na kan ramin kujerar. Da Mai Labule ta tambaya a hankali, "Wa kike kewa?" sai ta ji bakinta ya ce, "Baban yara." Ta miƙe a guje, takalmi ɗaya a hannu, tana istigfari.

Washegari a wurin shanya, matar mai gidan ta tare ta gaban mata. "Amaryar gida, an ce har kin yi rajista a zaman Laraba? A gaishe mana da kakanninmu!"

"Ni? Allah ya tsare ni da irinsu," in ji Mai Ɗinki. "Mai Labulen ma ban san ta ba. Kujera ta roƙa."

Ba wanda ya yi dariya. Da ta juya, ga Mai Labule tsaye da kujerar a ka. Ta sauke a hankali.

"Ga ta, 'yar'uwa. Ɗayan takalminki yana ɗakina."

Bayan wannan, matan gidan suka yi ta kawo wa Mai Ɗinki aiki, har ya yi mata yawa. Sai dai kwana goma tana jiran takun Mai Labule ya wuce kafin ta buɗe ƙofa. Zaman Laraba ta tuba ta roƙi gafara, wannan ya kwanta; maganar wurin shanya ce ta ƙi kwanciya.

Shekararta tara ke nan a gidan. Ba ta sake shiga zaman ba. Amma duk safiya, a kwanar da keken ya maƙale, takan gaida Mai Labule da ƙarfi yadda kowane hawa zai ji. Mutum biyu sun janye ɗinkinsu saboda haka. Har yau Mai Ɗinki ƙasa take kallo in ta gaishe ta.