Ɗan fari a ɗakin likita

Ban taɓa shan wahala irin ta kai mahaifina asibiti ba. Shekarun baya ne, wajen alif ɗari tara da casa'in da biyar, fitsari ya riƙe masa. Ƙannena duk suna fadama yankan shinkafa, sai ni, ɗan fari. Mutumin da tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, "wancan" yake ce mini. Ga shi kunnensa ya yi nauyi.

Likitan ɗan kudancin Kaduna ne, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce in riƙa maimaita wa Baba tambayoyin. Haka na durƙusa ina kwarara ihu a kunnen mahaifina: "Wai in ka tsuguna, zuba yake ko ɗiga?" Har masu jira a baranda sun ji. Baba ya kalli bango ya ce, "Likita, gaya wa wancan ɗiga yake."

Likita ya ce akwai wani nama na maza ƙarƙashin mafitsara, yana zargin ciwon daji a nan. Da ya ji Baba masunci ne, sai ya ce cikin ƙwayoyin naman akwai zare kamar na taru. Masana a ƙasashen waje sun fara lura cewa in wani yanki ya gutsure daga zaren, ciwon kan yi gudu. Nan ba mu da na'urar ganin wannan, amma dole ya duba da yatsa ta dubura, a kuma yanki ɗan naman a kai Kano. In aka bari ya bazu, babu gyara.

Na maimaita duka, har da yatsan. Baba ya ce bai san zancen ba. Sai likita ya ƙara da cewa ciwon kan bi jini, ɗa ma yana iya samu.

Wannan kam Baba ya ji ba tare da ni ba. Ya ce, "To a fara da wancan. In ya fito da rai, sai ni."

Baba ya yarda daga baya, an yi aiki, ya daɗe yana cin tuwonsa. Har ya rasu ba mu sake tayar da zancen ba, kuma har yau ban sani ba ko tausayina ya ji, ko rama ihun ya yi.

Ni dai washegarin zuwanmu asibitin da sassafe na yi wanka, na sa sabon wando, na je na hau gadon likita.