Allurar da Ta Kwanta a Sifili

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran mota a rumfa ɗaya, tsakanin mai faci da mai walda, har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Kunne yake ce masa. Yadda yake aiki ne ya jawo masa. In an kawo mota ba ya buɗe bonet. Sai ya goge hannu, ya zauna a gefen direba, ya ce wa mai motar ya ja, shi kuma ya rufe ido. Kafin su zagayo ya faɗi ciwon, kuma da wuya ya kuskure. Mai faci kan tsokane shi cewa barcinsa kawai yake sha a motocin mutane.

Yanzu kam jiki ya fara gajiya. Gwiwa ba ta son durƙuso, in ya kwanta a ƙarƙashin mota sai ya yi shawara da bayansa kafin ya tashi. Wannan duk kowa ya gani. Abin da ya ɓoye shi ne kunnensa na hagu ya mutu murus tun bara, na daman ma sai wani zuuu da ba ya yankewa. Ya koyi gyaɗa kai idan ana magana, ya koyi dariya idan ya ga ana yi, kuma abin ya ishe shi.

Ana haka 'yarsa ta fari, malamar makaranta, ta kawo motarta. Giyarta mai canza kanta ce, ta koma fizga, wani lokacin ta maƙale injin yana ta kuka. Sau biyu ya shiga ya rufe ido. Na farko ya ce man giya ne, aka canza. Na biyu ya ce matatar man ce, ita ma aka canza. Mota dai tana nan yadda take, sati uku. Mijin 'yar ya ce a kai sabon garejin ƙarshen layi inda ake jona na'urar gano ciwon mota, ita kuwa ta roƙa a ƙara wa Baba rana ɗaya. Kunne ya san in motar 'yar cikinsa ta fita daga rumfarsa ta shiga can, to ba sauran mai kawo masa ko keke.

Karo na uku suka hau titi, tana tuƙi, idonsa a rufe. Ya kasa kunne iya ƙarfinsa, babu abin da ya shigo sai wannan zuuu ɗin. Gajiya ta sauko masa, irin wadda ba ta ƙashi ba ce. Ya buɗe ido da niyyar ce mata ta bi maganar mijinta kawai. Suna wuce wata babbar mota a lokacin, amma allurar da ke nuna gudu tana kwance a sifili. Yana kallo ta zabura ta kai sittin, ta sake faɗuwa, nan take giya ta fizga.

Kunya ta kama shi. Akwai wani ɗan abu a jikin giya, sensar gudu, bai fi babban yatsa ba. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar irin gudun da ake yi, in ya daina, giya ba ta sanin lokacin canzawa. Kuma ba ya yin ƙara in ya lalace. Da mai sabon kunne ne ma ba zai ji shi ba.

Da suka dawo ya ɗaga motar da jak, ya ja kwali ya kwanta. Ya bi waya ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tsinke. Ya jona mitar gwada wuta, wuta tana isowa lafiya. Ya sa 'yar ta juya taya da hannu, mita ko gezau. Ya kwance sensar, ga bakinta ya tsage, garin ƙarfe ya lulluɓe shi. Ya karɓo sabuwa wajen mai kayan gyara ya ɗaura, suka zagaya, allura ta tashi sumul, giya ta shiga kamar ba ita ba.

Mai faci ya leƙo yana kirari, wai har gobe Kunne kunne ne. Kunne ya wuce shi. Ya zauna a benci yana goge hannu, 'yar ta zo ta zauna a hagunsa. Ya ga bakinta yana motsi. Har ya fara gyaɗa kai, sai ya ji ba zai iya ba kuma. Ya kama hannunta ya zagayo da ita dama.

"Ban ji komai a motar nan ba," ya ce. "Allurar na gani."

Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya ciko.

"Baba, ai tun ranar farko na gaya maka allurar ba ta aiki. Sau uku na faɗa muna tafe. Duk ka gyaɗa kai."